Saiwar Albasa a Arekifa

Malama Eulaliya ta shigo aji da kofunan gilashi shida,
kowanne da albasa zaune a bakinsa,
gindinta na taɓa ruwa
kamar tsohuwa mai gwada sanyin rafi da ɗan yatsa.
Albasar gonar babana ce, can ƙarƙashin dutsen Misti.
Ni na ɗauko ta a aljihun riga,
har Juma'a ina warinta.

Kwana huɗu, sai ga fararen saiwoyi sun zubo.
Ta yanke kan guda, bai kai ƙwayar shinkafa ba,
ta jiƙa shi a ruwa mai tsami, ta ɗiga masa jan rini,
ta danne da babban yatsa tsakanin gilashi biyu.
"Ubaldo," ta ce, "kai ka kawo, kai za ka fara leƙawa."

Na kafa ido a madubin.
Ɗakuna ne jere kamar ginin bulo,
kowane ɗaki da ɗan duhu a tsakiyarsa,
yawancinsu shiru.
Ta ce kada shirun ya ruɗe ni,
a nan aikin yake:
ana kwafe littafin gado shafi bayan shafi,
ana bin sawu ko an tsallake harafi,
don ba a raba gado sai an ƙirga.

Can gefe wani ɗaki ya kwance ƙullinsa,
zaruruwa sun yi kauri, sun fito fili.
A wani sun ja sahu a tsakiya,
kafaɗa da kafaɗa, ba na gaba, ba na baya.
A wani kuma har an ja su,
rabi gabas, rabi yamma,
kamar hannaye biyu da suka saki juna a tashar mota.
Na ƙarshe, ana ɗora katanga a tsakani.
Ɗaya ya zama biyu, ba wanda aka ƙwara.

Na tambaya wacce ce uwar, wacce ce 'yar.
Ta yi dariya har ta dafa tebur.
"Babu uwa, Ubaldo.
Uwar ta ƙare a cikin 'ya'yanta."

A watan Agusta ta fara ɗaura ɗankwali.
Alhamis ba ta zuwa.
Delfina mai zama kusa da taga
ta ce ta gan ta a asibiti da robar ƙarin ruwa a hannu.
Da ta dawo ba ta ɓoye ba.
Ta zana da'ira a allo, alli na rawa,
ta sa mata shinge uku.
"A nan ƙwayar halitta ke tsayawa ta tambayi kanta:
na ƙosa? Na kwafa daidai? In wuce?
Nawa sun daina tambaya.
Maganin da ake ɗura mini
igiyoyin da ke jan zaren yake sarƙewa,
bai san na kirki da na banza ba,
shi ya tafi da gashina."

Ko tari ba wanda ya yi.
Ƙuda ɗaya na dukan gilashin taga.
Sai ta ce a buɗe shafi na arba'in da ɗaya.

Yau shekara goma sha tara.
Ban zama likita ba, albasa nake nomawa,
ina kai ta kasuwa buhu-buhu tun gari bai waye ba.
Shekaranjiya wuƙa ta zame ta tsaga mini yatsa.
Da safen nan Rosaura, 'yata ta biyu,
ta kwance tsumman, ta ga bakin ciwon ya fara haɗuwa,
ta ce, "Baba, wa ya ɗinke maka?"

Na buɗe baki, na rufe.
Na ce ta ɗauko kofin gilashi, ta cika shi da ruwa,
ta zaɓo albasa ɗaya a buhun,
mai ƙaramin gindi, wadda za ta zauna.